Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A makon nan zan jingine batun siyasa da na albashi, in taɓo abin da ya fi su kusa da mu, wato abin da ma'aikaci da ɗalibi suke jefawa a cikinsu daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Magana ce da aka saba bar wa mata da madafa, alhali kuwa ƙarshenta a gadon asibiti ake jin sa, kuma a can ciwo ba ya tambayar wanda ya yi girkin.

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ya tashi daga garin sarauta da noma ya zama garin ofis da makaranta. Ga sakatariyar Gwadangaji, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga asibitoci da bankuna. A Argungu ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, a Aliero ga jami'ar jiha. Kowace ɗaya daga cikinsu ta zo da agogonta, kuma agogon ba ya jiran tukunya ta tafasa. Wanda kakansa yake karya kumallo da ɗumame a tsanake kafin ya gangara fadama, yau ƙarfe bakwai da rabi tana samun sa a bayan ɗan kabu-kabu, da kyar ya kurɓi shayi a tsaye. Da rana ya aiki masinja ya sayo masa lemon kwalba mai sanyi da biskit ko fanke. Da dare, in gwauro ne ko ɗalibi, teburin mai shayi ne makomarsa: taliyar leda ƙunshi biyu, da soyayyen ƙwai, da shayi mai kaurin madara da sukari. Gobe haka, jibi haka, har shekara ta zagayo.

Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne ƙasar da ake yin sa. A nan Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoman shinkafa rance, a watan Nuwamba na 2015. Daga fadamunmu aka yi ta lodin shinkafar Lake Rice zuwa Legas tun Disamba na 2016. A Argungu aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017, ga kuma na Labana a nan gida. Bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda aka soma a 1934, ya kai har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Albasar Aliero, kifin Yauri, geron Arewa, wake da gyaɗa da rake, duk suna wucewa ta gabanmu a tirela, mu kuwa muna tsaye a bakin titi muna yaga leda. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Irin wannan ci yana da wani farashi da ba a biya a wurin mai shago. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga cimarsa ta yini. Ga baligi matsakaici, wannan kimanin giram 50 ne, wajen cokalin shayi 12, kuma ta ce in an tsaya a rabin haka ya fi. Yawancin lemon kwalba yana ɗauke da wajen giram 10 na sukari a kowace mililita 100. Ke nan robar nan mai santilita 50 da ake shanyewa a zama ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya, tun ba a lissafa na shayin safe da na dare ba. Gishiri kuwa hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, ƙasa da cikin cokalin shayi guda, alhali ƙunshi biyu na taliya tare da garin ɗanɗanonsu sukan kai mutum bakin wannan iyaka, wani lokaci su ƙetare da shi. Mai shakka ya juya ledar ya karanta.

Sukari da gishiri ba sa kayar da mutum rana ɗaya. Shekaru suke yi suna tara bashi, sannan su aiko da sammaci da sunan hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko shanyewar ɓarin jiki. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta kiyasta cewa fiye da rabin masu wannan ciwo a Afirka ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Gwamnatin Tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma ba ta isa ta hana mai jin ƙishirwa a watan Afrilu sayen abu mai sanyi ba. Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon suga, ya ga kuɗin allura da na gwaji wata bayan wata, ya san albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya ɗaukar wannan kaya.

Kowa ka tambaya, amsarsa guda ce: babu lokaci. Ban raina wannan uzuri ba, domin akwai gaskiya a cikinsa. Tuwon da muka tashi muka tarar aikin hannu da yawa ne. A babban gida na da, wata na surfe, wata na bakace, wata na daka, wata na kan murhu, yara na ɗebo ruwa da itace, shi ya sa abinci yake sauka a kan kari. Yau gidan ma'aikaci miji ne da mata da ƙananan 'ya'ya a ɗaki biyu na haya, kuma sau da yawa matar malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya, da za ta fita tare da shi, wani lokaci ma ta riga shi. Ƙara da wutar lantarkin da ba ta da alƙawari, wadda ta mai da firji kabad ɗin ajiye kwanuka, da tsadar gas da kalanzir da gawayi tun bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Wanda ya ce wa irin wannan mata ta tashi da asuba ta yi surfe da daka kamar kakarta, bai yi mata adalci ba.

Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu abin da ya sa taliyar leda take dahuwa cikin minti uku. Wani ɗan kasuwa a ƙasar Japan mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a 1958, kuma dabarar ba ta da wuyar ganewa: a turara taliya, a soya ta a mai har ruwan jikinta ya ƙone, sannan a ƙunshe. Duk wahalar an riga an sha ta a masana'anta, abin da ya rage wa mai saye shi ne ruwan zafi. Dabarar ta ci duniya, har ƙididdigar ƙungiyar masu yin wannan taliya ta nuna Nijeriya ce kan gaba a Afirka, da ƙunshi sama da biliyan 2 a shekara. Sirrin saurinta ke nan, aikin da aka gabatar tun kafin yunwa ta zo. Wannan kuwa ilimi ne da kakanninmu suka riga Ando sani da ɗaruruwan shekaru, suka sa masa suna guzuri.

Fataken da suke bi ta kasuwar Jega da Yauri, su ƙetare Kwara su nufi Gwanja neman goro, watanni suke yi a hanya. Masuncin da ke kwana a kwalekwale, da makiyayin da ke yini a bayan shanu, da almajiri mai tafiya neman karatu, da alhajin ƙafa da ke shekaru kafin ya ga Makka, kowannensu ya fi ma'aikacin yau ƙarancin sukuni, kuma babu wanda ya rayu da biskit. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu, ya ambaci fura sau da dama a littafin tafiyarsa, domin ita ce abin da ake tarbar matafiyi da shi a ƙasar nan. Fura, da ƙuli-ƙuli wanda mu nan muke kira ƙarago, da dakuwa, da kilishi, da kifi banda, da hoce, da busasshen ganye, da daddawa, in ka duba dabaru biyar ne suka haife su: shanya, banda, suya, niƙa da tsimawa. Dukkansu ana yin su ne ranar da ake da sarari domin ranar da babu. Shi ya sa Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata ga mai fita aiki da mai zuwa lacca ita ce a ware rabin yini guda a mako, Asabar ko Lahadi, a yi wa sauran kwanakin guzuri. Dafa abincin mako a jibge a firji tsarin mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa ne, mu bai karɓe mu ba. Namu guzurin busasshe ne, wanda zafin bazara ba ya yi masa komai, kuma mazubi huɗu masu murfi sun ishe shi.

Na farko garin kunun haɗi, wanda ma'aikatan lafiya suke kira Tom Brown, suna koya wa iyaye mata domin yaran da suka rame. Babba ma yana da rabo a ciki. Ma'aunin da aka saba shi ne gwangwani shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A wanke geron a rege a shanya. Waken suya a jiƙa ko a ɗan tafasa, a murje ɓawon, shi ma a shanya. Sannan a soya kowanne daban a busasshiyar tukunya, ba mai, har ya yi ƙamshi, a haɗa da citta da kanumfari a kai inji. Da safe cokali uku ko huɗu ne, a dama da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa a juya minti biyar. Kafin a gama sa wa yara takalma ya yi. Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, waken suya da gyaɗa suna kawo abin gina jiki, kuma kunun yana riƙe ciki har azahar. Geron nan da wasu 'yan bokonmu suke yi wa kallon abincin ƙauye, shi da danginsa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa shekarar 2023 sukutum.

Na biyu garin ɗanwake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin waken da muke ci, Nijar na bi mata, amma mai gaggawa yana gudunsa saboda daɗewar dahuwa. Niƙa ita ce maganin wannan. A haɗa wake da ɗan alabo ko dawa a niƙa, a zuba kuka, a ajiye. Abin lura shi ne waken ya rinjaya, domin ɗanwaken kasuwa da yawa yanzu suna ne kawai ya rage, fulawa ce zalla. In an dawo aiki a ɗora ruwa, a kwaɓa garin da ɗan ruwan kanwa, a saka. In ya taso sama ya ƙara tafasa kaɗan, a tsame. A yanka albasa da tumatir da kabeji a kai, da cokali guda na man gyaɗa da yaji, da dafaffen ƙwai in da hali. Na sha gwada shi da agogo a gidana. Tsakaninsa da taliyar leda bai fi minti goma ba, kuma wanda ya ci shi da la'asar ba ya neman wani abu sai bayan isha'i.

Na uku busasshen ganye da dakakken ƙarago. Zogale da rama da tafasa, a saye su lokacin da suke araha, a shanya a inuwa, domin rana tana cinye korensu da wani kaso na amfaninsu. Kwaɗo, ko ɗatu a bakin mutanenmu, shi ne abin da 'yan'uwanmu Zabarmawan Dosso da Yamai suke kira kopto, suna haɗa shi da dambu, kuma ba sa jin kunyar ajiye shi a gaban babban baƙo. A jiƙa ganyen tun dare, da safe a bar shi yana tafasa yayin da ake wanka da shiri, a matse, a zuba ƙarago da albasa da tumatir, a sa a kula a tafi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, kuma ban san wata hanya da ta fi kwanon kwaɗo araha wajen kusantar wannan adadi ba. Mai ɗan fili a tsakar gida ya dasa zogale guda biyu. Cikin 'yan watanni zai fara tsinka.

Na huɗu shi ne wanda ya kamata a ce kowane Bakabe ya gada, wato garin kifi. Kifi banda, tarwaɗa ko ƙananan nan masu araha, a gyara, a ƙara busar da shi a kan wuta, a daka da barkono da citta da daddawa. Cokali biyu a kan shinkafa da wake, ko cikin kwaɗo, ko a miyar kuka ta gaggawa, sun wadatar da ɗanɗano har mutum ya rage dunƙulen nan na miya, wanda wajen rabinsa gishiri ne. Ƙananan kifin da ake dakawa da ƙayarsu suna ƙara wa ƙashi ƙarfi. Ko ranar da ta kama dole sai taliyar leda, a zuba rabin garin ɗanɗanonta kawai, a cike gurbin da garin kifi da zogale da albasa.

Shinkafa kuwa, tun da ita ce tutarmu, a zaɓi turararriya irin wadda matan Argungu da Suru da Bunza suka daɗe suna yi. Turarawa kafin casa tana tura wani kaso na bitamin ɗin da ke jikin dusa zuwa cikin ƙwayar, abin da fara tas mai sheƙi take rasawa. A dafa ta da wake, garau-garau, rabi da rabi. In an jiƙa waken kafin a fita aiki, dahuwarsa da yamma ba ta wuce ta shinkafar da yawa, an kuma rage cin gas.

Sai abin sha, inda ɓarnar ta fi yawa, domin garin da zafinsa yake haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu dole a sha wani abu. Ruwa shi ne sarki, kuma randa ba ta san an ɗauke wuta ba. Bayansa sai zoɓo, ko soɓo a bakinmu. Wanda ake lodi daga Jigawa da Kano, ƙasar Meziko ce babbar mai sayensa, can ma tafasa shi suke yi su sha da sanyi. A wani bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka da aka buga a 2010, mutanen da jininsu ya fara hawa sun sha kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, aka ga awon jininsu na sama ya sauka da wajen maki 7. Amma zoɓon da aka juye wa gwangwanin sukari da kala da garin ɗanɗano na leda, lemon kwalba ne ya sake riga. A tafasa shi da citta da kanumfari da wankakken ɓawon abarba, a tace, a sa zaƙi kaɗan, ana ragewa mako-mako har harshe ya saba.

Haka jiƙon tsamiya, haka garin 'ya'yan kuka da muke kira kwalba-da-nono, mai yawan bitamin C, wanda Tarayyar Turai ta amince a sayar a kasuwanninta tun 2008. Kunun aya da dabino da kwakwa ba ya bukatar sukari ko kaɗan, kuma mutanen Balensiya a ƙasar Sifen suna da irinsa, suna tinƙaho da shi a gaban 'yan yawon buɗe ido. Sai dai kunun aya ba shi da haƙuri, a zafinmu sa'o'i kaɗan yake yi ya juya, don haka na ranar hutu ne. Fura da nono kuwa abincin rana ce cikakkiya ga wanda ba zai iya barin tebur ba, muddin bai binne ta da sukari ba. Abin taɓawa tsakanin abinci shi ma ba sai an je shago ba. Tafin hannu guda na gyaɗa ko kwaruru ko aya a ƙaramin gwangwani cikin aljihun tebur, da dabino biyu ko uku, da yalo da karas da gwaiba da kankana da mangwaro, kowanne a lokacinsa, sun isa su kai mutum tashi aiki.

To, amma kada a ɗauka duk abin da aka yi a gida lafiyayye ne. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da wata guba mai suna afulatoksin, wadda take jawo kansar hanta, kuma suya ba ta gamawa da ita. A tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci a zubar, kada a yi musu rowa. Wake da busasshen kifi akwai 'yan kasuwar da suke yayyafa musu maganin ƙwari, har ta kai Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wakenmu a 2015 saboda haka. A saya wurin wanda aka sani, a adana wake a jarka mai toshewa ko buhu mai ninki uku, inda rashin iska yake kashe ƙwaron ba da magani ba. Madarar shanu a tafasa ta kafin a yi nono. Ruwan zoɓo da na kunu ya zama tafasasshe, robar da za a ɗura a ciki ta zama ta gida wadda aka wanke, domin ciwon amai da gudawa ba ya girmama abincin gargajiya. Dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye a sarari, musamman shinkafa, wadda in ta yini cikin zafi takan haifar da gubar da ɗumamawa ba ta kashewa. Mai ciwon suga kuma ya sani fura da kunu da dabino da zuma da mazarƙwaila duk suna ɗaga sukarin jini, kamar yadda mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu ya kamata su tambayi likita kafin su mai da zoɓo abin shan kullum. Abincin wani gubar wani.

Saura tambayar da ake kaucewa: wa zai yi aikin? In rabin yinin nan ya zama ƙarin kaya a kan matar da ta yi kwana biyar tana tsaye a aji ko a ɗakin haihuwa, to ba a gyara komai ba. Zuwa kasuwa, da kai niƙa inji, da tsintar gyaɗa, da daka kifi, babu wanda aka rubuta wa sunan mace a jiki. Fataken da muke alfahari da su maza ne, kuma sun san abin da ke cikin burgamensu. Yaro namiji da aka tura jami'a bai iya dama kunu ba, an tura shi ne ya zama ɗan gidan mai shayi. Ɗalibai huɗu da ke ɗaki guda suna iya yin karo-karo a farkon zango, su sayi gero da wake da gyaɗa da mudu, su niƙa lokaci ɗaya su raba. Su lissafa abin da suke kashewa a lemo da biskit a wata, su kwatanta, lissafin da kansa zai yi musu wa'azi. Wanda kuwa ko rabin yinin ba shi da shi, akwai matan unguwa da wannan ce sana'arsu. Ya nemi mai tsabta ya ba ta kwangilar garinsa na wata, ya taimaki kansa ya taimake ta.

Hukumomi su ma suna da nasu kason, kuma ba ya bukatar kasafin kuɗi. Kowane mako ana taro a ma'aikatu da makarantu da ɗakunan biki, ana raba katan-katan na lemo da aka yi a wata jiha. Da za a wayi gari a ce taron gwamnati a Kebbi zoɓo da tsamiya da gyaɗa da dabino za a riƙa rabawa, daga hannun matan da jami'an lafiya suka duba tsabtar aikinsu, da kuɗin ya kwana a garinmu, da kuma yaranmu sun ga manya suna shan abin da ake yi a gidajensu ba tare da jin kunya ba. Shugabannin makarantu kuma su leƙa shagunan da ke cikin harabarsu su ga abin da ake sayar wa 'ya'yan mutane.

Ba na cewa a koma zamanin turmi da taɓarya, injin niƙa alheri ne, gas ma alheri ne. Abin da nake roƙo shi ne a ɗauki dabarar guzuri a sa ta cikin jadawalin mako, kamar yadda aka sa wanki da guga. Wanda ya haura shekara arba'in ya biya ta asibiti ko kemis a auna masa jini da suga, domin ya san inda yake tsaye. Sannan ranar Asabar mai zuwa a fara da mazubi ɗaya, garin kunu, a ga yadda safiyar Litinin za ta kasance. Lafiya uwar jiki. Allah Ya ba mu ita, Ya sa albarka a abin da ƙasarmu take fitarwa. Sai mako mai zuwa, in mai duka Ya kai mu.